Kafin Ka Tambayi i5 ko i7, Tambayi Awa Nawa Take Yi Babu Wuta

A ƙarshen watan jiya na raka ɗan ƙanwata wani shagon kwamfutoci a cikin garin Kaduna. Ya samu gurbin karatu, mahaifinsa ya aiko da kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, aka ɗora mini nauyin dubawa. Mai shagon ya ajiye mana guda biyu a kan kanta, dukansu na gwanjo. Ɗaya siririya ce mai Core i5-8250U, ɗayar kuma mai kauri ce irin ta masu wasannin kwamfuta, mai Core i7-7700HQ, da caja mai nauyin rabin bulo.

Ya dafa ta biyun ya ce, "Alhaji, wannan i7 ce, ba a haɗa ta da waccan." Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ai i7 ta fi." Na tambayi mai shagon awa nawa kowacce take yi idan an ɗauke wuta, sai ya yi murmushi ya ce wannan ya danganta. Gaskiya ya faɗa, amma abin da ya dame ni shi ne daga shi har yaron babu wanda ya ɗauki tambayar da muhimmanci, alhali a lokacin janareta ne ke kunna fankar da ke kanmu.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan masu sayen kwamfuta a Kaduna, firosesar da ta fi dacewa (firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) ita ce wadda take gama aikin da wuta kaɗan. Saurin da kwamfuta ba za ta iya riƙewa ba sai tana jikin soket, a ɗaki mai sanyi, sauri ne da mutumin Rigasa ko Tudun Wada zai biya kuɗinsa amma ba kullum zai more shi ba. Mun ɗauko ma'aunin mutanen da wuta ba ta yanke musu, muna auna kayanmu da shi.

Abin da sitikar ba ta faɗa

Sunayen i3, i5 da i7 matsayi ne da kamfanin Intel ke bai wa firosesocinsa a cikin zubi ɗaya, wato abin da masu shago ke kira janareshan. Sunan kaɗai, wanda ake liƙawa a sitikar jikin kwamfuta, ba ya nuna shekarar ƙira, kuma ba ya nuna yawan wutar da za a ci. Waɗannan suna cikin lambobin da ke biye da shi. A 8250U, lamba ta farko tana nufin zubi na takwas, wanda ya fito a 2017, harafin U kuma yana nufin an tsara ta a kan wat 15. Harafin H, kamar na 7700HQ, na ajin wat 45 ne. Haka AMD ma take yi: Ryzen 5 5500U ta wat 15 ce, Ryzen 7 5800H kuma ta wat 45.

Kwamfutocin nan biyu da aka ajiye mana, kowacce tana da ƙwayoyin aiki huɗu a cikin firosesarta, wato sassan da ke raba aikin a tsakaninsu. Ta wat 45 ɗin tana iya jure aiki mai nauyi na tsawon lokaci fiye da 'yar uwarta, wannan ba abin musu ba ne. Amma a buɗe Word, a duba intanet, a shiga darasi ta Zoom, babu wani bambanci da ido zai gani tsakaninsu, sai dai ƙarar fanka da saurin ƙarewar caji.

Wani abin da ya fi wannan ba ni haushi shi ne irin su i7-7500U, waɗanda suka cika kasuwar gwanjo. Ƙwayoyinta biyu ne kacal, don haka i5 ta zubi na takwas ta fi ta ƙarfi a aikin da ke buƙatar ƙwayoyi da yawa, duk da cewa wat 15 ne ajinsu duka. Sau da yawa kuma ita ake tsauwala wa kuɗi, saboda lamba bakwai ta fi biyar a idon mai saye.

Tsadar ƙarin sauri

Duk direban da ke bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san cewa gudun kilomita 140 a awa ba ya rage masa lokaci mai yawa a kan gudun 100, amma yana shan mai sosai. Firosesa ma haka take, har ta fi. Domin ta ƙara sauri dole a ƙara mata boltej, wutar da take ci kuma tana hawa ne da ninkin boltej ɗin a kansa. Idan aka ƙara boltej da kashi 20 cikin ɗari, cin wuta zai ƙaru da kusan kashi 44, tun kafin a lissafa abin da ƙarin saurin kansa zai ci. Shi ya sa ɗan saurin ƙarshe da kamfanoni ke alfahari da shi a talla ya fi kowane sashe tsada.

Misali mafi bayyana shi ne Core i9-13980HX, mai ƙwayoyi 24. Intel ta rubuta mata wat 55, amma ta yarda ta haura har wat 157 idan aiki ya yi zafi. Batirin kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa da wuya ya wuce wat-awa 100 (wat-awa ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne), domin wannan ce iyakar da aka saba yarda fasinja ya shiga jirgin sama da ita ba tare da izini na musamman ba, mafi yawan na kasuwa ma tsakanin 40 da 60 suke. Ba sai an yi dogon lissafi ba a ga cewa irin wannan firosesa ba za ta iya gudunta a kan batir ba. Abin da ke faruwa shi ne da zarar an zare caja, kwamfutar tana rage wa kanta ƙarfi.

Lissafin mai saye mai sauƙi ne. Batir mai wat-awa 50, idan kwamfutar gaba ɗayanta tana jan wat 8 a aikin rubutu, zai kai awa shida. Idan tana jan wat 25, awa biyu ne. Wannan tazarar ta awa huɗu ita ce tsakanin ɗalibin da ya gama aikinsa da daddare da wanda ya rufe kwamfuta yana jiran a kawo wuta.

Dole in yi adalci a nan. Firosesa mai H ba ta jan wat 45 a kowane lokaci, idan ba ta da aiki tana sauka ƙasa sosai. Matsalar ita ce ba ita kaɗai take zuwa ba. Yawanci tana tare da katin hoto na daban, wato sashen da ke sarrafa hotuna da bidiyo, mai cin nasa wutar, da fanka biyu, da allo mai haske da saurin motsi, kuma waɗannan duka suna shan batir ko da rubutun wasiƙa kake yi.

Zafi da ƙura

Duk wat ɗin da firosesa ta ci, zafi yake komawa, kuma dole fanka ta fitar da shi. Idan zafinta ya kusa digiri 100, tana rage gudu da kanta domin kada ta lalace. Gwaje-gwajen da muke kallo a YouTube ana yin su ne a ɗakuna masu sanyi, da sabuwar kwamfuta mai tsabtar ciki. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu iskar da fanka za ta ja daga ɗakin ma da ɗuminta, sannan ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe kafofin iska tun watan Disamba.

Sakamakon shi ne kwamfutar da aka saya domin ƙarfinta ita ce ta fi saurin rasa ƙarfin nan a wajenmu, domin ita ce ta fi dogara da sanyaya. Zafi kuma yana tsufar da batirin lithium da wuri. Ka tambayi duk mai gyara irin kwamfutocin da suka fi zuwa masa da kumburarren batir da fanka mai kuka, ka ji amsarsa.

"Ai aikina mai nauyi ne"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kaina, kuma na yarda da ita ga masu ita. Wanda ke haɗa bidiyon biki a kowane mako, ko mai zanen gine-gine da Revit, ko ɗalibin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko a ABU Zariya da ke aiki da SolidWorks, yana buƙatar ƙarfi mai ɗorewa da katin hoto. Irin wannan mutum ya sayi mai H, ya kuma sa kuɗin inbata ko ƙaramar sola a cikin lissafinsa tun farko, domin ba tare da su ba rabin kwamfuta ya saya.

Amma mutum nawa ne a cikinmu suke wannan aikin? Malamin makaranta, ma'aikacin ofis, mai shagon buga takardu, ɗalibin shari'a ko na aikin jinya, ɗan kasuwa mai lissafi da Excel, duk aikinsu bai kai ya gajiyar da firosesar wat 15 ba. Har mai koyon rubuta manhaja ma, a shekarunsa na farko, ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ita ce za ta fara takura masa kafin firosesa.

Na lura kuma cewa yawancin masu kukan nauyin kwamfuta suna ɗora wa firosesa laifin da ba nata ba. Kwamfuta mai ram 4GB da tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) mai juyawa za ta yi nawa ko da wace firosesa ce a cikinta. A sa mata SSD, wato ma'ajiyar zamani marar juyawa, a kai ram ɗin 8GB ko 16GB, sai ka ga mai ita ya daina maganar i7. SSD ɗin ma ta fi tsohon hadis tsimin wuta, ga shi ba ta tsoron jijjigar hanya.

"Ina da janareta, ina da sola"

Madalla. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta saboda kwamfuta ɗaya ya zama abin da mutum zai yi tunani sau biyu a kansa. Mai sola kuma ya fi kowa sanin darajar wat. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200 ne a takarda, kuma idan irin na gubar nan ne, wajen rabi kawai ake so a riƙa ja domin ya yi ƙarko. Cajar kwamfutar wasanni tana iya kai wat 180 ko 230, ta siririyar kuwa 45 ko 65. A cikin wat-awa 600 ɗin nan ne fanka da fitila da cajin wayoyin gida duka za su ci.

Ba na so in yi ƙarin gishiri game da kuɗin mita. Ko a kan farashin naira 225 na kowane yunit da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kwamfuta mai jan wat 30 na tsawon awa takwas ba ta kai ta ci naira 60 ba. Wanda ya ce maka firosesa mai tsimi za ta rage maka kuɗin wuta a fili, ya faɗi abin da ba zai iya nunawa ba. Damuwarmu ita ce samun wutar. A watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata, jihohi da dama sun shafe fiye da mako guda a duhu. A kwanakin nan mutane sun riƙa kai kayansu wajen masu caji ana biya, kuma caji ɗaya ya yi wa wani yini, wani kuwa bai kai shi azahar ba.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Da yawa daga cikin siraran kwamfutocin zamani ana iya cajinsu ta USB-C da babban fawa bank mai bayar da wat 65. Mai cajar wat 230 ba shi da wannan mafita.

Apple da Snapdragon

Wanda ya sauya wannan muhawara a duniya shi ne kamfanin Apple, da ya fito da firosesarsa ta M1 a watan Nuwamban 2020. An ƙera ta a masana'antar TSMC ta Taiwan a kan fasahar nanomita 5, da ƙwayoyi takwas: huɗu na ƙarfi, huɗu na tsimi, dabarar da wayoyin hannu suka daɗe suna amfani da ita. MacBook Air mai M1 ba ta da fanka ko ɗaya, batirinta bai wuce wat-awa 50 ba, amma kamfanin ya ce tana kai awa 18 a kallon bidiyo, kuma saurinta ba ya faɗuwa don an zare caja. A shekarar ce kuma AMD ta fitar da Ryzen 4000 a kan nanomita 7, ta nuna cewa ana iya sa ƙwayoyi takwas a cikin ajin wat 15. Intel ta bi sahu a zubi na 12, wanda ya shigo kwamfutocin tafi-da-gidanka a 2022, da nata haɗin ƙwayoyin ƙarfi da na tsimi.

Ma'ana, manyan kamfanonin da kansu sun koma gasar yawan aiki a kowane wat, a ƙasashen da wuta ba ta yankewa. Mu da ya kamata mu riga su damuwa da wannan, har yanzu muna cinikin sitika.

Duk da haka ba zan ce kowa ya sayi MacBook ba. Tana da tsada, ram ɗinta da ma'ajiyarta a liƙe suke ba a ƙara su, gyaranta kuma ba kowane mai gyara ne zai taɓa ba. Revit, SolidWorks da ArcGIS Pro duk na Windows ne. Kwamfutocin Windows masu Snapdragon X na kamfanin Qualcomm, da suka fito a watan Yunin 2024, suna riƙe caji sosai, amma wasu manhajoji da tsofaffin firintoci ba sa aiki da su. Mai shagon buga takardu a Kawo da firintarsa ta shekara goma ya tabbatar tukuna kafin ya kai kuɗinsa.

"Sababbin sun fi ƙarfin aljihunmu"

Haka ne, kuma mafi yawanmu gwanjo muke saye. Amma a cikin gwanjon ma akwai zaɓi. Kwamfutocin ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook masu firosesar U daga zubi na takwas zuwa sama, ko masu Ryzen 5 na jerin 4000 da 5000, suna nan a kasuwa, kuma sau da yawa kuɗinsu bai kai na tsohuwar kwamfutar wasanni mai walƙiyar fitilu ba.

Zubi na takwas ɗin ma ba don son rai na ambace shi ba. Microsoft ta sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. I7-7700HQ ɗin da aka nuna mana ba ta cikin jerin, i5-8250U tana ciki. Na san masu gyara suna da dabarun ɗora Windows 11 a kan tsofaffin, amma babu tabbacin sabuntawa ga wanda ya bi ta wannan hanyar.

Wani zai ce batirin gwanjo ai ya riga ya gaji, don haka duk wannan lissafin banza ne. Ni kuwa ina ganin gajiyar batirin ce ma ta ƙara wa lissafin nauyi. Idan rabin ƙarfinsa ya rage, mai tsimi za ta ba ka awa uku, mai ci kuwa awa ɗaya. Kuma ana iya dubawa a gaban mai shago cikin minti ɗaya: a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu. Mai shagon da ya ƙi a duba, ya riga ya ba ka amsa.

Inda abin ya wuce aljihun mutum ɗaya

Na taɓa ganin takardar sayen kaya ta wani ofis, an rubuta Core i7 kawai, babu zubi, babu harafin ƙarshe, babu girman batir. Ɗan kwangilar da ya kawo i7 ta 2013 ya cika sharaɗin, haka ma wanda ya kawo ta bara. Ma'aikatan da za su yi amfani da su kuwa wasiƙu da jadawali za su rubuta. Idan makaranta ko cibiyar jarrabawar kwamfuta za ta sayi guda ɗari, bambancin wat 20 a kowacce ya zama kilowat biyu, wato ƙarin faifan sola, ƙarin batura, ƙarin dizal, da ƙarin zafi a ɗakin da yara za su zauna. Da kuɗin jama'a ko na iyaye ake biyan wannan, kuma layi biyu a takardar kwangila sun isa su hana shi: cikakkiyar lambar firosesa, da mafi ƙarancin awannin da batir zai yi a gwajin da za a yi ranar karɓar kaya.

Masu shago ma ba na ganin za su yi asara idan suka riƙa rubuta waɗannan a jikin kowace kwamfuta. Suna sayar da i7 ne saboda ita muke tambaya. Ranar da masu saye suka fara tambayar wat-awa da harafin ƙarshe, za su koyi amsawa, kamar yadda masu sayar da waya suka haddace girman batirin kowace waya saboda babu mai saye sai ya tambaya. Abin mamaki ne a ce mutumin da ba zai karɓi waya ba sai ya ji tana da 5,000mAh, shi ne zai biya ninkin kuɗinta sau uku a kan kwamfuta bai tambayi batirinta ba.

A shagon nan mun duba rahoton batirin duka biyun. Na siririyar yana da sauran kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙarfinsa, na mai kaurin bai kai rabi ba. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, abokaina duk i7 suke da ita." Na ce masa ya kira mahaifinsa ya karanta masa lambobin, tunda kuɗinsa ne. Da suka gama magana muka ɗauki i5 ɗin, ragowar kuɗin kuma muka ƙara mata ram zuwa 16GB a nan take.